Kafin Jirgin Ya Tashi: Kafa Sashen Jirage Marasa Matuƙa a Rundunar 'Yan Sanda



Shugaban taro, manyan jami'an 'yan sanda da ƙananansu, malamaina, lauyoyi, 'yan jarida, iyayenmu mata, ɗalibai da sauran jama'a, barkanku da zuwa. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga dacewar a tattauna wannan batu a bainar jama'a.

An nemi in yi bayani a kan yadda rundunar 'yan sanda za ta kafa sashen jirage marasa matuƙa. Ba manyan nan na soja masu ɗaukar bam nake nufi ba. Ƙananan nake nufi, masu farfela huɗu, irin waɗanda kuke gani suna shawagi a kan 'yan ɗaurin aure ko a filin hawan sallah, mai ɗaukar hoto yana ƙasa da rimot a hannunsa. A da, rundunar da ke son ganin gari daga sama sai ta mallaki jirgi mai saukar ungulu, ta ɗauki matuƙi da injiniya, ta kuma tanadi man da zai sha. Yau kuɗin da bai kai na motar sintiri ɗaya ba ya isa a sayi jirgi mai kyamarar da ke jawo abu daga nesa, ta kuma gano ɗumin jikin mutum cikin duhu. Wani bincike da Kwalejin Bard ta Amurka ta fitar a 2020 ya ƙidaya hukumomin tsaro da na agajin gaggawa 1,578 da suka mallaki irin waɗannan jirage a ƙasar, kusan kashi 70 cikin 100 nasu kuwa na 'yan sanda ne.

Wannan arahar ce take ba ni tsoro. Abin da yake da tsada, dole a zauna a yi shawara kafin a saye shi. Abin da ɗan kwangila zai iya kawowa a kwali ranar Litinin a yi bikin ƙaddamarwa ranar Alhamis, yakan iso ofis tun ba a tambayi aikin da zai yi ba. Maganata ta yau guda ɗaya ce: kafin jirgi ya bar ƙasa, a rubuta irin kiran da zai sa a tashe shi, kuma duk tashin da ya yi ya bar sahu a rubuce wanda mutumin da ba ɗan sanda ba zai iya zuwa ya duba. Sauran abubuwan duk a kan wannan suke zaune.

Zan fara da garuruwa biyu da suka sa sayen kaya a gaba.

A farkon shekarar 2010, 'yan sandan Merseyside, yankin da birnin Libaful yake a Ingila, sun bi wani matashi da ake zargi da satar mota. Ya tsere cikin hazo ya ɓuya a ciyayi, jirgin rundunar ya gano ɗumin jikinsa, aka je aka ɗauko shi. Rundunar ta sanar cewa wannan ne karo na farko a Birtaniya da aka yi kamu da taimakon irin wannan jirgi. Sanarwar ta ja hankalin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, domin tun watan Janairun shekarar aka fara aiki da ƙa'idar da ta wajabta neman izininta, rundunar kuwa ba ta da wannan izini. Aka dakatar da tashin jirgin. Daga baya ma ya faɗa Kogin Mersey a wajen atisaye.

A Seattle ta Amurka kuwa, rundunar birnin ta sayi jirage biyu da kuɗin tallafin gwamnatin tarayya, kuma tana da izinin hukumar jiragen sama. Abin da ta tsallake shi ne mutanen gari. Ko 'yan majalisar birnin ba su san inda aka kwana ba sai a 2012, bayan da wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta tilasta aka fitar da sunayen hukumomin da aka ba izinin tashi. Da 'yan sanda suka kira taron bayani, hayaniya ta hana a saurare su. A watan Fabrairun 2013 magajin garin, Mike McGinn, ya soke shirin baki ɗaya. A 2014 aka ba 'yan sandan Los Angeles jiragen kyauta, can ma jama'a suka tayar da jijiyar wuya, aka kulle su a ɗaki. Ku lura, ba a kama waɗannan jirage da leƙen gidan kowa ba. Ɓoye maganar tun farko shi ya kashe shirin.

Yanzu mu je garin da kowa ke zuwa ɗaukar darasi. Chula Vista birni ne a kudancin jihar Kalifoniya, tsakanin San Diego da iyakar Meziko, mai mutane kimanin 275,000, mafi yawansu 'yan asalin Latin Amurka. A watan Oktoban 2018, ƙarƙashin shugabar rundunar, Roxana Kennedy, suka fara abin da ba a saba gani ba. Kafin su, jirgi yana zaune ne a but ɗin motar sintiri, sai ɗan sanda ya isa wurin da abu ya faru sannan ya buɗe akwati ya harba shi. Su kuwa suka ɗora shi a saman ginin hedikwata, suka mai da shi mai fara isa.

Ga yadda aikin ke gudana. Wani jami'i yana zaune a ɗaki gaban allunan kwamfuta, abin sauraro a kunnensa, yana jin kiran gaggawa na lambar 911 a daidai lokacin da mai kiran ke magana, tun kafin a gama rubuta rahoton a tura wa 'yan sintiri. Da ya ji kiran da ya cancanta, sai ya sa alama a kan taswira. A saman bene akwai wani mutum tsaye cikin rana, aikinsa duba sararin sama da canza batir. Jirgi ya tashi, ya miƙe ta kan rufin gidaje, babu ruwansa da danja ko cunkoson motoci, sau da yawa cikin minti biyu ko uku yana kan wurin. Hoton da yake ɗauka yana zuwa kai tsaye wayar 'yan sandan da ke kan hanya, jami'in ɗakin kuma yana yi musu bayani ta oba-oba: mutum nawa ne, wane kaya suka sa, ta wace ƙofa suka fita. A 2019 hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ba su izinin tura jirgi nesa da inda idon matuƙi ke iya hango shi, a 2021 kuma izinin ya game birnin duka. Zuwa 2024 sun yi tashi kusan 20,000.

Akwai wani kira da rundunar ke yawan kafa hujja da shi, ni ma ina ganin ya cancanci a tsaya a kansa. An bugo waya cewa ga wani mutum a gaban wani gidan abinci yana jujjuya bindiga a hannu. Ku sa kanku a matsayin ɗan sandan da ke tuƙi zuwa wurin: abin da ya sani kawai shi ne akwai bindiga, akwai jama'a. Jirgi ya riga shi isa, aka jawo hoton kusa, ana kallo mutumin ya kai abin bakinsa ya kunna sigari. Abin kunna taba ne mai siffar ƙaramar bindiga. Aka sanar da 'yan sintiri, suka iso da hankalinsu a kwance. A ƙasar da 'yan sanda ke harbe mutum kusan 1,000 a kowace shekara, wannan 'yar tazarar tana iya zama tsakanin rai da mutuwa. Gani ya kori ji. Rundunar ta kuma ce akwai dubban kira da jirgi ya je ya tarar babu abin da ke buƙatar ɗan sanda, aka bar motar sintiri ta tafi inda aka fi bukatarta.

Amfanin bai tsaya nan ba. A Lincolnshire ta Ingila, a watan Fabrairun 2018, wani mutum ya yi haɗarin mota cikin daren sanyi, ya fito ya faɗa wani rami mai zurfi. Kyamarar gano ɗumin jiki ce ta nuna inda yake kafin sanyi ya kashe shi. A jihar Indiana, masu bincike na Jami'ar Purdue da suka yi aiki da 'yan sandan wata gunduma sun nuna cewa auna wurin mummunan haɗari, wanda kan ci awa biyu zuwa uku hanya na rufe, jirgi na iya ɗauke hotunan da ake bukata cikin minti biyar zuwa takwas. Duk wanda ya taɓa kwana a kan hanya saboda tirela ta faɗi ya san darajar wannan. Saboda haka kada wani ya fita daga nan ya ce na zo in hana. Ina son 'yan sandanmu su sami wannan kayan aiki, shi ya sa nake son a kafa shi yadda zai daɗe.

Abin da ke cin kuɗi da ƙarfi a wannan sashe shi ne mutane. A Amurka, ƙa'idar da ta fara aiki a watan Agustan 2016 ta ce matuƙi ya ci jarrabawa ya karɓi lasisi, ya sabunta karatunsa duk wata 24, kada jirgin ya kai kilo 25, kada ya wuce tsayin ƙafa 400, kimanin mita 120, kuma ya kasance ido na ganinsa sai in an sami izini na musamman. Lasisin mafari ne kawai. Tuƙi da dare, neman yaro a cikin gona, bin mai gudu a tsakanin wayoyin lantarki, waɗannan sai da atisaye na kullum, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. In ana son sashen ya yi aiki dare da rana, a lissafa masu karɓa-karɓa, da masu hutu, da wanda zai yi rashin lafiya. A nan gida akwai ƙarin matsala da duk jami'in da ke zaune a nan ya sani: canjin wurin aiki. Ka horar da saje, hannunsa ya faɗa, sigina ta zo an mai da shi wata jiha, jirgi ya koma kabad. Sai an yi yarjejeniya a rubuce cewa wanda aka horar zai zauna a sashen na wasu shekaru, kuma zaman ba zai hana shi ƙarin girma ba.

Sai batir. Abin da kamfani ke rubutawa a jikin kwali, minti 30 zuwa 50 da wani abu, an auna shi ne a yanayi mai kyau. Cire lokacin zuwa, cire na dawowa, cire abin da iska ta ci, ka ga abin da ya rage na kallo. Kowane jirgi yana bukatar batura da yawa, batir kuma yana tsufa, sai an riƙa sauya shi. Ba ya son zafi. Yawancin ƙananan jiragen an iyakance musu aiki ne a zafin da bai wuce maki 40 ba, Sakkwato da Maiduguri kuwa suna haura haka a watan Afrilu. In aka bar batir a but ɗin mota da tsakar rana yakan kumbura, yana ma iya kamawa da wuta. Ga hazon hunturu da ke hana manyan jirage sauka a Kano, ga ƙurar da ke shiga inji, ga guguwar farkon damina. Ga maganar wutar caji, wadda ba sai na tsawaita ba. Kasafin da ya ƙunshi kuɗin saye kawai, babu na batir da farfela da inshora da gyara da intanet na shekara uku masu zuwa, kasafin ajiye jirgi ne.

A kan wurin saye, kalma biyu. Kamfanin DJI na birnin Shenzhen a ƙasar Sin shi ya mamaye kasuwa saboda araha da inganci. Amurka tana zarginsa ta fuskar tsaron bayanai, kamfanin yana musantawa. A watan Afrilun 2023 jihar Filorida ta hana hukumominta amfani da jiragensa, rundunoni da dama suka wayi gari da jiragen da suka saya ba su da ikon tashinsu. Rikicin Amurka da Sin ba namu ba ne, amma tambayar tamu ce: hoton da jirgi ya ɗauka, a kwamfutar wa yake kwana?

Mu koma Chula Vista, domin labarin yana da ɗaya ɓangaren. A watan Yunin 2024 mujallar Wired ta buga binciken da ta yi a kan bayanan tashi kusan 10,000, daga Yulin 2021 zuwa Satumban 2023. Ta gano cewa unguwannin talakawa da baƙin haure na yammacin birnin sun fi na masu hali ganin jirgi a kansu nesa ba kusa ba. Rundunar ta ce ai daga can kira ya fi fitowa. Ko da haka ne, jirgi ba ya faɗowa daga sama a kan gidan da aka yi kira. Sai ya ratsa ta kan ɗaruruwan gidajen da ba su kira kowa ba, kyamara a kunne. Binciken ya kuma gano kusan tashi ɗaya cikin goma ba a rubuta masa dalili ba, kuma an tashi jirgi a kan ƙananan ƙorafe-ƙorafe irin su ƙarar kiɗa. Haka abin yake tafiya ko'ina. Ana neman amincewar jama'a da labarin yaron da ya ɓata da mai riƙe da bindiga, in an saba kuma sai a riƙa tashinsa a kan komai.

Amma ku tambayi kanku, ta yaya 'yan jaridar suka san wannan? Sun sani ne saboda rundunar da kanta tana wallafa taswirar kowane tashi, da lokacinsa, da dalilinsa. Rajistar da ta ba da damar a soke ta ita ce ta sa har yau ake iya zama a yi gardama da hujja, a gyara abin da ya karkace. Ina jinjina musu a kan wannan fiye da yadda nake jinjina musu a kan saurin isa. Inda suka ja daga shi ne a kan bidiyon kansa. A 2021 mawallafin jaridar La Prensa San Diego, Arturo Castañares, ya nemi a ba shi bidiyon wata guda, birnin ya ƙi, yana cewa duk kayan bincike ne. A watan Disamban 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta ce ba za a yi wa bidiyon duka kuɗin goro ba, sai an rarrabe wanda ya shafi binciken laifi da wanda bai shafa ba. Kotun ƙolin jihar ta ƙi sake duba hukuncin a 2024.

Dokokin ƙasashe sun sha bamban. Kotun ƙolin Amurka ta yanke a 1986 da 1989 cewa ɗan sanda na iya kallon bayan gidan mutum daga jirgin sama ko mai saukar ungulu ba tare da takardar kotu ba, amma a 2001 ta ce haska gida da na'urar gano ɗumi bincike ne, sai da takarda. Waɗancan hukunce-hukunce an yi su ne a zamanin da tashi sama ke da tsada, shi ya sa jihohi suka shiga yin nasu dokokin. Ta Minnesota ta 2020 ta fi burge ni: sai an ba jama'a damar faɗin ra'ayinsu kafin a sayi jirgi, sai da takardar kotu in ba a cikin wasu yanayi da aka lissafa ba, ba a ɗora masa makami, a goge hoton cikin kwana bakwai in ba ya cikin binciken da ake yi, kuma kowace runduna ta miƙa rahoton shekara na sau nawa ta tashi da dalili da abin da ta kashe. A Faransa, babbar kotun da ke sauraron ƙararrakin da ake kai gwamnati ta dakatar da 'yan sandan Faris sau biyu a 2020, a watan Mayu kan sa ido a dokar kullen korona, a Disamba kan zanga-zanga, saboda babu dokar da ta ba su iko. Sai da majalisa ta yi doka a 2022, aka fitar da ƙa'idojinta a Afrilun 2023, sannan suka koma sama, da sharaɗin izini a rubuce, ba ɗaukar murya, ba na'urar tantance fuska, ba leƙen cikin gida.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya kawo ni gida. Bature yana rayuwarsa ne a ƙarƙashin rufi, mu kuwa rabin rayuwarmu a tsakar gida take. Nan ake girki da wanki da shanya, nan mata ke zama ba mayafi, nan ake shimfiɗa tabarma a kwana lokacin bazara. A gidaje da yawa, birni da ƙauye, makewayi ba shi da rufi. Duk tsarin gininmu, daga zaure zuwa doguwar katanga, an yi shi ne don tare idon mai tafiya a ƙasa. Babu maginin da ya yi lissafin ido daga sama. Amma al'adarmu ta san da shi. In mai gyaran kwano zai hau rufi, akan aika yaro maƙwabta a ce za a hau sama, mata su kintsa. Ba ya hawa sai da dalili, ana sanin wanda ya hau, in ya gama ya sauko. Abin da nake nema ga jirgin 'yan sanda ke nan. Addini ma ya riga kowa magana: Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur ta shimfiɗa ladabin neman izini kafin shiga gida. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, sai dai ta sassauta wa hukumomin da ke binciken laifi, saboda haka nauyin rubuta iyaka ya dawo kan rundunar da kanta.

A aikace, a rubuta cewa kyamara za ta kalli gaba ne a hanyar zuwa da dawowa, ba za a sunkuyar da ita ƙasa ba sai an isa wurin kira. A rubuta cewa tsayawa a kan gidan wani sai da takardar alƙali, in ba rai ne ke cikin haɗari ba. A rubuta ranar goge bidiyo. 'Yan sandan birnin New York sun sa kwana 30, Minnesota da Faransa bakwai. A kuma rubuta hukuncin jami'in da ya ɗauki hoton allo da wayarsa. Bidiyo ɗaya na matar aure a tsakar gidanta ya shiga WhatsApp, to sashen ya gama yawo a wannan gari, kuma abin da zai biyo baya zai iya fin ƙarfin caji ofis.

Akwai wani nauyi da ba zan tsallake ba. Ranar 3 ga Disamban 2023, jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, aƙalla mutum 85 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Wancan jirgin soja ne, ya bambanta da wanda muke magana a kai, amma mutumin ƙauye da ya ji ƙugi a samansa ba zai tsaya tantance iri ba. A jihar Kadunan dai, tun 2022 jiragen kamfanin Zipline ke kai magani da jini asibitocin karkara, mutane sun san su, sun san abin da suke ɗauke da shi. Sashen 'yan sanda yana bukatar irin wannan sanayya. A yi wa jirgin fenti da fitila yadda za a gane shi. A kai shi ƙofar fadar hakimi, a tara masu unguwanni da limamai da shugabannin mata da 'yan kasuwa, a tashe shi a gabansu, a juyo musu allon su ga iyakar abin da yake gani, su yi tambaya a ba su amsa, tun kafin a sa hannu a kwangila. Kuma a faɗa musu a fili cewa ba za a ɗora masa makami ba. Ko a Amurka, da kamfanin Axon ya sanar a 2022 cewa zai ƙera jirgi mai harbin lantarki, mutum tara daga kwamitinsa na ɗa'a suka yi murabus, kamfanin ya dakatar da shirin.

Ta fuskar izini, tun watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta hana tashin irin waɗannan jirage sai da amincewarta da ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkar tsaro. Kaki ba ya ɗauke wa kowa wannan.

To da me za a fara? Shawarata kada a kwaikwayi Chula Vista a rana ɗaya. Tsarinsu ya dogara ne a kan lambar gaggawa da ake ɗauka nan take, da adireshin da kwamfuta ta sani, da intanet mai ƙarfi, da motar da za ta bi bayan jirgi. A garin da ake kwatance da bayan gidan mai ko kusa da tsohuwar rijiya, inda mai neman agaji ya fi yarda da lambar DPO a kan lambar gaggawa ta 112, ɗakin karɓar kira ya kamata a fara gyarawa. Kada kuma a yi wa jama'a alƙawarin cewa waɗannan ƙananan jirage za su kawo ƙarshen ta'addancin dajin Rugu ko Kamuku. Tafiyarsu 'yan kilomitoci ce, kuma sau da yawa mutanen ƙauye sun riga sun hango baburan sun buga waya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai iso a kan lokaci. A fara da jirgi biyu ko uku da ayyuka kaɗan da ba mai jayayya a kansu: neman wanda ya ɓata, auna wurin haɗari, duba gini kafin jami'ai su shiga wurin mai makami, da ambaliya irin wadda ta afka wa Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, lokacin da sanin inda mutane suka maƙale shi ne komai. Bayan shekara guda a fito da rajista a gaban waɗanda aka tara tun farko, a karanta sau nawa aka tashi, don me, me aka samu, nawa aka kashe, sannan a yanke ko za a faɗaɗa.

Saura magana ɗaya, kuma da ku nake, ƙananan jami'ai, domin rimot a hannunku zai kasance. Wata rana waya za ta shigo daga wani babba, a cikin runduna ko a wajenta, a ce a ɗan duba taron 'yan adawa, ko a leƙa gidan wane a ga motocin da suka shiga, ko a raka ayarin bikin 'yar wane. Kofur ba shi da bakin cewa a'a. Abin da zai iya cewa shi ne: ranka ya daɗe, na'urar ba ta tashi sai an shigar da lambar kira da sunan wanda ya ba da umarni, kuma ƙarshen wata kwamiti zai karanta. Saboda haka a sa wannan a cikin tsarin tun ranar farko, a kuma sa mutanen waje a kwamitin, lauya da ɗan jarida da wakilin masarauta da mace aƙalla ɗaya, masu ikon zaɓar kowane tashi su ce a kawo musu bayaninsa.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.